Matattun Kekuna Uku, Rayayye Ɗaya

'Yan'uwa manoma, maganar da mu ke so mu kawo gaban ƙungiyoyinmu a wannan fitowa ita ce ta tsofaffin kekunan nan da ke jingine a bayan rumbuna. Duk wanda ya zaga gidajen Ruwan Godiya da ƙauyukan kewaye, ko ya leƙa ƙasar Ƙanƙara da ta Sabuwa, zai gan su. Wani babu taya, wani an cire masa sirdi, wani kuwa kaji sun mai da shi wurin kwana. Yara sun kwashe ƙafafun suna gare da su a kan hanya. In 'yan gwangwan suka shigo gari da ma'auninsu, sai a jawo abin da ya rage a ɗora, a karɓi kuɗin da ba zai sayi tiyar masara biyu ba. Daga nan sai babbar mota, sai wurin narka ƙarfe, a mai da shi rodin gini.

Ra'ayinmu shi ne wannan ciniki hasara ce, ya kamata kuma ƙungiyoyin gama kai su tsai da shi. A tattara matattun kekunan nan wuri ɗaya, a ware mai kyau da marar kyau, a harhaɗa irin keken nan na dā mai ɗaukar kaya. A cikin matattu uku da wuya a rasa rayayye ɗaya.

Mun san akwai waɗanda za su yi dariya, su ce malaman gona suna so su mai da mu baya. To, bari mu dubi abin da ya same mu a 'yan shekarun nan. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta kafa dokar tsaro saboda ɓarnar 'yan bindiga. Aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ƙayyade lokacin hawan babur, aka tsai da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Satumba kuma aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A watannin nan mai babur ya ga ta kansa, don kuwa ga mashin a zaure, ga shi babu abin zuba masa. An janye dokokin nan daga baya, amma ba a daɗe ba wani ya faɗo. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce ₦1,000 a wurare da yawa. Mu ɗauka mutum yana ƙona lita ɗaya tak kowace rana a kan wannan kuɗi. Wata guda ₦30,000 ke nan, ban da baƙin mai, ban da gyara. Kowa ya auna wannan da kuɗin buhun taki, ya ga abin da zirga-zirga ta ke cinye masa kafin ya kai ga girbi.

Ba muna cewa a yar da babur ba ne. Mace mai naƙuda da tsakar dare, ko wanda maciji ya sara, babur ko mota su ke bukata, ba keke ba. Abin da mu ke cewa shi ne yawancin tafiyar manomi gajera ce: gida zuwa gona, gona zuwa gida, injin niƙa, rijiyar burtsatse, makaranta, kasuwar da ke kusa. Ƙona fetur a kan tafiyar mil 2 ko 3 almubazzaranci ne a wannan zamani. Mai tafiya a ƙasa yana cin kamar mil 3 a sa'a guda da kaya a ka. Mai keke yana ninka wannan sau biyu ko uku, kayan kuma ba a wuyansa su ke ba.

Iyayenmu sun san wannan sarai. Sa'ad da a ke kai auduga Funtuwa da Daudawa, abin da saurayi ya kan fara saye da kuɗin kaka shi ne keke. Sa'ad da aka buɗe babban aikin gona na Funtuwa a 1975, wanda Bankin Duniya ya tallafa tare da na Gusau da na Gombe, aka shimfiɗa hanyoyin karkara, aka buɗe wuraren sayar da taki, da yawa daga cikin buhunan nan a bayan keke suka isa gona. Kamfanin Raleigh, wanda asalinsa na birnin Notingham ne a Ingila, har ma'aikata ya kafa a Kano. Bayansa Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, dukansu kuwa a kan siffa ɗaya aka ƙera su: ƙafa mai inci 28, birki na sandar ƙarfe, sarƙa mai kauri, ba canjin giya. Wannan kamanni da su ke da shi shi ne ya sa maganarmu ta yiwu, domin kayan wannan ya kan shiga jikin wancan.

Me ya sa irin na dā, ba na yayi ba?

Akwai kekunan gwanjo da a ke shigowa da su daga ƙasashen Turai, masu giya barkatai da birkin waya, waɗansu har da sifirin a gaba. Suna da kyaun gani, ba su da nauyi, yara kuma suna son su. Amma an yi su ne domin wasa da motsa jiki, ba domin buhun taki mai kilo 50 ba. Da yawansu na alminiyam ne, in ya tsage mai waldar ƙauye ba shi da yadda zai yi da shi. Abin canja giyar nan da ke reto kusa da ƙasa, kututturen dawa guda ya isa ya lanƙwasa shi, sa'an nan a shiga neman irinsa daga Funtuwa har Zariya. Keken dā kuwa baƙin ƙarfe ne. Bututunsa an zura su ne cikin mahaɗai aka like da jan ƙarfe, mai waldar gas ya iya sāke likin. Birkinsa sanda ce da noti, ba wayar da za ta tsinke. Duk mai faci a bakin kasuwar Sheme ko 'Yankara ya san cikinsa da bayansa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Ba mu kaɗai ke da wannan tunani ba. Wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta yi shekaru tana rarraba kekuna a ƙauyukan Zambiya da Kenya da maƙwabtansu. Keken da ta ƙera, mai suna Buffalo, ba na tsere ba ne. Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, kariyarsa kuma an yi ta don ta ɗauki kilo 100. Watau masana da injiniyoyi sun zaga sun zaga, sun komo kan abin da kakanninmu ke hawa.

Abin da za a duba kafin a kashe ko kwabo

Gangar jikin keke ita ce tushe, a nan kuma ya kamata a fi tsananta bincike. A wanke ta, a kankare tsatsa, a duba bayan wuyan keke inda bututu biyu suka haɗu da shi. In fenti ya tattare a wurin, ko ƙarfen ya yi ɗan kumburi a ƙasa, keken ya taɓa karo da wani abu, ya kuwa raunana. A ajiye shi gefe, a ciri kayan jikinsa kawai. A bi bututun da ƙusa ana ƙwanƙwasawa, musamman na ƙasa kusa da feda inda ruwa ke kwanciya. Inda ya yi ƙara mai kyau lafiya lau, inda ya lotsa ko ya huje tsatsa ta cinye shi daga ciki. Don a gane ko jikin ya karkace, ga wata dabara mai sauƙi. A ɗaura zare a inda ƙafar baya ke zama ta dama, a zaga da shi ta gaban wuya, a komo da shi a ɗaura ta hagu. Sa'an nan a auna tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In awon ya zo daidai, jikin a miƙe ya ke. In ya bambanta da yawa, keken zai riƙa ja gefe ɗaya, yana cin taya har ranar da za a gaji da shi.

Ƙarfen nan mai baki biyu da ke riƙe ƙafar gaba, wanda masu gyara ke kira fok, shi ne ba mu yarda a yi masa rowa ba. Mun sha ganin ana gasa lanƙwasasshe a wuta ana miƙe shi da guduma. Ƙarfen da aka yi wa haka ya riga ya gaji, ranar da zai karye kuwa ba zai yi sallama ba, wataƙila a gangara ne da buhu a baya. In babu lafiyayye a cikin tarin, a sayi sabo.

Sai maganar ƙafafu, inda mutane da yawa ke asarar kuɗi. Ba kowace taya da aka rubuta wa 28 ce ke shiga keken dā ba. A duba gefen tayar, akwai wata lamba. Ta keken dā tana ƙarewa da 635, ta kekunan Turai na yanzu kuwa 622, ko da ya ke ita ma a kan kira ta 28. Bambancin kaɗan ne a ido, amma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Haka masu inci 26, akwai 559, akwai 590. Wanda za a aika kasuwa ya rubuta lambar a takarda, kada ya dogara da bakin mai kanti. Kafin a ɗaura ƙafa kuma a ƙirga hujojin rim da na cibiyar. Tsofaffin kekunan Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya, don baya ce ke ɗaukar nauyi, waɗansu kuwa 36 ne gaba da baya. Rim mai huji 40 ba ya ɗauruwa da kyau a cibiya mai 36, kome gwanintar mai ɗauri. A tuna kuma birkin sanda yana kama rim ne ta cikinsa, ba ta gefe ba, saboda haka tilas a nemi rim irin na dā mai faɗin ciki.

Akwai wani tarko da ya kamata masu tsohon Raleigh su sani. Wanda aka ƙera a Notingham, tsagar murɗinsa a wuya da wurin sandar feda 26 ce a kowane inci, ta yawancin sauran kekuna kuwa 24. In an ɗauko kofin wani aka murɗa a jikinsa, zai shiga zagaye biyu ko uku sa'an nan ya cije. Mai gaggawa sai ya sa ƙarfi, ya cinye tsagar, jikin da ya shekara 50 lafiya ya lalace a minti ɗaya. Dokar ita ce a fara murɗa kome da yatsu. Abin da ya ƙi shiga da yatsu, a tsaya a duba, kada a kira sifana ta yi shari'a. Haka kuma fedar hagu a juye ta ke murɗuwa, watau inda a ke kwance sauran noti nan a ke ɗaure ta. Yara masu koyo sun karya feda da yawa kafin su gane wannan.

Waɗansu abubuwa ba a tsinto su a juji. Taya da tib, da robar birki, da 'ya'yan boris, da ƙusar nan mai riƙe hannun feda da a ke kira kota, waɗannan sababbi za a saya. 'Ya'yan boris ba su da tsada, tsofaffi kuwa sun riga sun ƙwarzane, za su ci kofin da su ke gudu a ciki. Na ƙafar baya masu rubu'in inci ne, galibi 9 a kowane gefe, na sandar feda ma girmansu ke nan, 11 a kowane gefe, na ƙafar gaba kuwa sun fi ƙanƙanta, 10 a kowane gefe. A wanke kofunan da kananzir, a shanya, a cika da giris, ba man gyaɗa ko manja ba. Kota biyu ɗin nan kuma a sa su suna kallon saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su daidaita ba. Wanda ya ji fedarsa tana ƙwas-ƙwas ya ci gaba da tuƙi, kota zai tauna har ya ɓata hannun fedar. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Sarƙa kuwa a auna ta. Daga ƙusa ɗaya a ƙirga 24, in sabuwa ce inci 12 cif za a samu. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta gama aiki, ta kuma riga ta cinye haƙoran baya, sai a canja su tare. A nan ne mu ke da wata shawara da ba kowane mai gyara ke bayarwa ba. Keken kanti ya kan zo da haƙora 44 ko fiye a gaba, 18 a baya. Da 44 da 18, kowane zagayen feda yana tura keke wajen mita 5 da rabi. Wannan ya yi wa mai tafiya a kwalta hannu sake. Amma mai jarka biyu ta ruwa, watau kilo 50, a kan hanyar yashi ko hawan tudu, gwiwarsa ce za ta biya. In an sa mai haƙora 22 a baya, zagaye ɗaya ya komo wajen mita 4 da rabi, gudu ya ragu kaɗan, tuƙi kuwa ya yi sauƙi ƙwarai, har mace ko yaro ɗan shekara 12 ya iya. Sai dai za a ƙara wa sarƙar tsawo kaɗan. Ƙasarmu ta Faskari ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ga duwatsu ga kwazazzabai, don haka a ganinmu kowane keken ƙungiya ya kamata a yi masa haka.

Kariya maƙerin gari ya iya ƙera ta da rodi, ta fi ta kanti ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ƙarfin kariya ba shi ne ƙarfin ƙafa ba. Buhun masara mai kilo 100 in an ɗora, a tura keken da hannu, kada a hau. Birkin sanda kuma in rim ya jiƙe ba ya kamawa da wuri, wanda zai gangara rafi da damina ya san da wannan tun daga sama.

Inda maganar ta ke da wuya

Akwai mai cewa, a ƙasar da a ke gudun ceton rai, me keke zai yi wa mutum? Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba kuwa za mu rufe ta da zaƙin baki ba. Mutanen Faskari ba su manta da Kadisau a 2020 ba, na Ƙanƙara ba su manta da ɗaliban da aka kwashe a watan Disamba na shekarar ba. Keke ba ya tsere wa babur, ba ya kuma hana a ɗauki mutum. Kada wani ya ce don yana bisa keke zai shiga gonar da jama'a suka ce kada a shiga. Iyakar abin da za mu ce shi ne babur na cikin abin da ɓarayin daji su ke nema ido rufe, keke kuwa bai dame su ba, ba shi da ƙara, in kuma an rasa shi ba a rasa jarin shekara uku ba. Ga iyalan da suka baro ƙauyukansu suka koma Faskari ko Funtuwa ba su da kome, keke mai kariya sana'a ce: ɗiban ruwa, kai niƙa, tallan itace ko kayan miya.

Sai kuma kunya. Saurayi yana ganin in ya hau keke zuwa zance an raina shi. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har ya hau da kansa a Abuja, mota ta ture shi cikin kwata, jama'a suka yi ta dariya. Dariyar ba ta rage kuɗin mai ba. A Holan, inda ba a rasa abin sayen mota ba, manya da yara keke su ke hawa zuwa aiki da makaranta. Mu dai ba mu ga abin kunya ga mutumin da ya isa gonarsa ba bashin kowa a kansa.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi a wurinmu, shi ne na kayan gyara marasa ƙwari da suka cika kasuwa. Tayar da ba ta kai wata uku, fedar da ke wargajewa a mako. Wannan gaskiya ne, shi ne ma ya sa tsohon ƙarfen ya ke da daraja, don cibiya da hannun feda da sandunan birki na dā sun fi na yanzu. Abin da tilas a saya sabo kuwa, gara ƙungiya ta haɗa kuɗi ta aiki mutum ɗaya wanda ya san kaya ya sayo da yawa a Funtuwa ko Kano, da kowa ya je shi kaɗai a sayar masa da abin da aka ga dama. Araha ba ta ado. Ga ƙaya kuma, ta aduwa da ta bagaruwa da tsidau, a yanka tsohuwar tib a shimfiɗa tsakanin taya da sabuwar tib, faci zai ragu.

Yadda mu ke ganin za a tafiyar da abin shi ne kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da ke bayan rumbunsa, magatakarda ya rubuta, a yi masa kuɗi a gaban kowa, kuɗin da ya ɗara na 'yan gwangwan. Gangar jikin keke ba ta kai kilo 5 ba, don haka ɗara su ba zai yi wuya ba. A ɗauki mai gyara na gari a biya shi ladansa, a haɗa shi da samari biyu su koya. Lokacin aikin kuwa rani ne, bayan an gama sussuka, kafin sharar gona.

Amma ba mu goyi bayan a ce keken na ƙungiya ne kowa ya ɗauka ba. Mun ga yadda injin feshi da garmar shanu na tarayya su ke ƙarewa: kowa ya yi aiki da su, ba mai zuba mai, ranar da suka lalace kuma ba wanda ya san a hannun wa. A sayar wa mutum ɗaya, ya biya rabi, sauran bayan kaka, kuɗin ya koma asusu a tada na gaba. A fara da wanda gonarsa ta fi nisa, da gwauruwar da ke da yara 'yan makaranta. In an sami gangar jiki marar sandar sama, a ware ta domin zumuntar mata, don su da 'ya'yansu ne ke ɗauke da yawancin ruwa da niƙan gidajenmu. Abin da zai zauna na tarayya shi ne kayan aiki: sifanu, da abin ɗaure sifok, da abin yanke sarƙa, da famfo babba guda. Waɗannan a ajiye su a hannun ma'aji, mai bukata ya zo da kekensa ya gyara a nan, kada a ba da aro zuwa gida.